Cakuma da kokawar ƙasa a gem ɗin UFC: ina gyaran yake?

Bashar, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. A UFC 4, gem ɗin faɗan da ke haɗa naushi da kokawa a cikin keji, wane saiti ya fi dacewa da mai son koyon kokawar ƙasa? Kuma me ya sa cakumar tsaye ba ta da nauyi?

Malam Sanusi, Argungu: Wa alaikumus salam. Bashar, fara da cire Grapple Assist ka koma Legacy. Assist abu ukku kawai yake ba ka a analog na hagu, wato ɗan sandan da ake turawa da yatsa a hannun gem: sama ka tashi, hagu ka nemi shaƙa ko murɗe gaɓa, dama ka hau duka. Gem ɗin ne ke zaɓa maka inda za ka koma, shi ya sa wanda ya ƙware yake karanta ka tun ba ka motsa ba. Legacy kuwa analog na dama ne, kai da kanka za ka zaɓi gefen da za ka bi.

Nura, Jega: Gaskiyar Malam. In ƙara da tarewa: riƙe maɓallin R2, ka tura analog ɓangaren da abokin karawa ya nufa. Kafaɗarsa da ƙugunsa za ka kalla. Duk yunƙurin da aka tare yana cin numfashin mai yinsa, don haka kar ka yi ta dannawa kamar mai kiran sallah ya makara. Fara yunƙuri ka saki, in ya tare iska, sai ka bi ɗaya gefen. Kayarwa kuma L2 da R2 tare ake tare ta.

Bashar: To cakumar fa, Yaya Nura?

Nura: Nan laifin masu gem ne. A UFC 4 na 2020 EA, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta maida ita kamar wani reshe na naushi: ka shiga da R1 haɗe da maɓallin naushi, ka zuba gwiwa biyu, wancan ya ja analog baya ya zame. Shi ke nan.

Malam Sanusi: Duk wanda ya tsaya filin kokawa ya san ba haka abin yake ba. Kafin kaye akwai rigimar hannu: wa ya cusa hannu ƙarƙashin hammata, wa ya danne wuya, wa ya saukar da ƙugu. Da ni za a tambaya, kowane hannu a ba shi maɓallinsa, L1 na hagu, R1 na dama. Wanda ya samu hammata biyu kayensa ya yi sauri, wanda aka matse a jikin keji numfashinsa ya riƙa zuba ko ba a buge shi ba. Ficewa kuma ta zama da tsada. UFC Undisputed 3 na 2012 ya fi kusa da haka, da juya analog rubu'in da'ira, sai dai sabon shiga yana shan wuya.

Aliyu, Yauri: UFC 5 na 2023 dai an cire ƙaramin wasan bin da'ira da ake yi lokacin shaƙa a UFC 4, amma sai mai PS5 ko Xbox Series. Gidajen gem namu PS4 ta fi yawa.

Nura: Kafin a zargi EA a duba hannun gem ma. Ƙurar hunturu na sa analog ya riƙa jan gefe, kana tare dama yana karanta sama. A goge gindinsa da auduga da ɗan sifirit, na'ura a kashe. Talabijin a sa Game Mode, intanet a ja da kebul. Tarewa ƙiftawar ido ce, ɗan jinkiri ya isa a haye ka.

Bashar: Na gode, Malam. Yau da dare Practice Mode zan shiga, tarewa kawai.