Jama'a a taimaka min da Hausar ripo da abin da ke samansa kafin Asabar

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah agaji nake nema, ran Asabar ɗin nan ƙarfe 10 zan tsaya gaban yaran da muke koya ma rubuta manhaja nan cikin gari, kuma na yi masu alkawarin da Hausa za a yi darasin don rabinsu da ka saki turanci sai ka ga sun yi tsuru tsuru. Darasin kan yadda kamfani ke riƙe ripo masu yawa ne a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ripo kuma shi ne wurin da ake ajiye fayilolin manhaja da tarihin canje-canjensu, ba sai ka bi su ɗaya ɗaya kana taɓa saiti ba, a sama ake kafa doka ta sauko kan kowa. Abu uku suka tsaya min a wuya: ripo ɗin kansa, da oganaizeshan, wato akawun ɗin kamfani da ke tattare su, sai yadda na ƙasa ke ɗaukar dokar na sama. Kwana biyu ina juya su na kasa.

Injiniya na Ƙofar Kaura:
Wa alaikumus salam. Ripo ai rumbu ne, mi ye na wahala

Yar Daura:
Yaya Injiniya rumbu an riga an ba wani. Duk wanda ke sauraren rediyo ya saba da rumbun adana bayanai, in ka ce rumbu can hankalin yaro zai tafi. Kuma rumbu ka zuba ka ɗiba shi ke nan, ba ya tuna wa ya ɗibi dami ran Talata. Shi ko Git, manhajar da ake riƙe ripo da ita, tunawar nan ita ce dukkan aikinsa, tun da Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, babbar manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta, abin da ya sa a gaba ke nan, kowane canji da mai shi da lokacinsa. Ni kundi na fi so, kundin malam ana ƙara masa takarda ba a yar da tsohuwa.

Injiniya na Ƙofar Kaura:
To kundi kuma ɗalibai sun ƙwace, kundin digiri. Ga kundin tsarin mulki. Taska fa? taskar manhaja

Ɗan Ƙofar Marusa:
Taska ta ɗan kwanta min. Na rubuta ta da fensir. Mu je na biyun don shi ya fi ci min rai

Malamin Hausa mai ritaya:
Ɗana kafin ka wuce. Na biyun nan ba sai an nema ba, kakanninku sun gama aikin. GANDU. Maigida shi ke riƙe da gandu, shi ke cewa yau gero za a shuka, ran kaza za a yi noman farko, ƴaƴa da ƙanne duk ƙarƙashinsa suke aiki, amfanin gona rumbunsa yake shiga. Amma kowane yaro yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko ranar da aka sake shi, abin da ya samu nasa ne. Yanzu ku faɗa min, ba haka abin naku yake ba? Na kamfani gandu, akawun ɗin yaro na kansa gayauna. Gandun manhaja. Na ba ku kyauta.

Yar Daura:
Kai Baba wannan ta yi daɗi wallahi. Gayauna!

Injiniya na Ƙofar Kaura:
Allah gafarta Malam ta yi daɗi amma hawa biyu kawai ta ɗauka. A GitHub na manyan kamfanoni hawa uku ne, akwai entafiraiz, babban akawun ɗin kamfani, a can ƙoli, ƙarƙashinsa oganaizeshan da yawa, ƙarƙashin kowanne ripo ripo. A GitLab ma, takwaran GitHub, rukuni ne cikin rukuni cikin rukuni. A AWS, wurin hayar kwamfutoci na Amazon ta intanet, akawun ɗin ne kansu ake jerawa ƙarƙashin uwa ɗaya a ɗaure su da doka. In hawa hawa ake so sarauta ta fi kama, sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Abin da fada ta hana mai unguwa bai isa ya halatta ba, amma yana iya ƙara tsanani a unguwarsa. Kuma haka abin yake aiki sak, in dokar sama da ta ripo suka haɗu wadda ta fi tsanani ita ke ci.

Malamin Hausa mai ritaya:
Gandu cikin gandu ai ba sabon abu ba ne. Babban gandu da ƙaramin gandu. Ku dai kuna jin kunyar kalmar ƙauye ne, da bature ya ce da ku fam, wato gona da turancinsa, da gudu za ku karɓa. Tun ɗazu ina kallonku kuna ta saiti saiti, ina tsari ya tafi? akawun, ina asusu?

Mai Shagon Kwamfuta:
Baba da girmanka amma in na ce ma kwastoma shiga tsari ba zai san inda zai danna ba, saiti kowa ya sani har tsohuwata. Asusu kuma mutum banki zai nufa. Ni fa ina ganin a bar ripo a ripo, mota da tebur da makaranta duk wa ya kore su

Malamin Hausa mai ritaya:
Makaranta ba aro ba ce ɗana, daga karanta take, kamar masallaci da majema. Ka ga irin abin da nake faɗi. Wanda bai san ginin kalmarsa ba shi ke saurin miƙa hannu ga ta wani.

Mai Shagon Kwamfuta:
Na karɓi gyara a kan makaranta. Amma mota na nan

Bakanon da ke zaune Katsina:
Ni dai shawara, duk abin da za a zaɓa a duba ko zai shiga kunnen mutanen Kano don daidaitacciyar Hausa can ta fi karkata, yaran birni da yawa ba su taɓa jin gayauna ba

Yar Daura:
To fa. Malam Bakano sannu da ƙoƙari. Daura tushen Hausa tana zaune za a kai kalma Kano neman izini? Rijiyar Kusugu na nan ba ta ƙaura ba

Injiniya na Ƙofar Kaura:
Kuma lokacin da ake karatu gindin Gobarau fa. Katsina ɗakin kara, kunya gare mu ba tsoro ba, shi ya sa muka yi shiru ana ce mana Hausarmu ta gefe ce

Bakanon da ke zaune Katsina:
Ni ban ce ta gefe ba ce, Allah ya ba ku haƙuri. Yawan masu karatu nake dubawa

Ɗan Ƙofar Marusa:
Jama'a don girman Allah. Yau Alhamis. Bari in faɗa maku mi ya sa abin ya dame ni har nake son yaran nan su ji shi da harshen da suke mafarki da shi. Wani wuri da na taɓa yi ma aiki muna da ripo sun fi talatin, duk mun bi mun kulle babban reshe, wato ainihin kwafin aikin da kowa ke dogaro da shi, da hannu, ba mai tura aiki sai wani ya duba ya sa hannu. Ashe guda ɗaya da aka buɗe daga baya an manta da shi. Wani yaro sabon zuwa, yaron kirki wallahi, ya tura gyara kai tsaye da daddare da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki. Da asuba aka kira ni, ina tsaye bakin masallaci da waya a kunne takalmi ɗaya a ƙafa, muka wuni muna canza makullai, shi kuma yana zaune gefe ya haɗa kai da gwiwa ko ruwa ya ƙi sha. Ba laifinsa ba ne. Da a sama muka sa dokar, ripo ɗin da aka buɗe jiya ma da ita zai tashi. Wannan nake son kalma ta ɗauka, cewa sabon da aka haifa ya ishe doka tana jiransa.

Yar Daura:
Allah sarki yaron. To ai gado ke nan Yaya, turawan ma abin da suke cewa ke nan. Ripo ya gaji dokar gandu

Malamin Hausa mai ritaya:
A'a ɗiyata, nan kam ban yarda ba. Gado sai an mutu, kuma in ka gada ya zama naka ka sayar ka kyautar ba mai tambaya. Nan uban na da rai, gobe in ya canza magana ta canza a gidan kowa. Wannan biyayya ce ba gado ba.

Injiniya na Ƙofar Kaura:
Malam ya yi gaskiya a nan. Bin na gaba, kamar sahu da liman. Amma fa biyayya tana nuna kamar kana da zaɓi, shi ko wannan maɓallin ma dushewa yake ba ka iya danna shi

Mai Shagon Kwamfuta:
Doka daga sama kawai. Kowa ya gane

Malamin Hausa mai ritaya:
Dokar gandu.

Injiniya na Ƙofar Kaura:
Baba ba za ka saki gandun nan ba ke nan

Malamin Hausa mai ritaya:
Ba zan sake shi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
To ga abin da zan shiga da shi. Ripo zan rubuta taskar manhaja a allo sau ɗaya, bayan nan in ci gaba da cewa ripo don shi za su ishe a wurin aiki. Na biyun zan buɗe darasi da gandu da gayauna yadda Baba ya kawo, in na zo hawa hawa in ɗauko sarki da hakimi na Injiniya, amma a takardar da zan raba ƙungiya zan sa, Baba ka yi min afuwa. Na ukun dokar sama, in ce taska na bin ta. Saiti na nan yadda yake. Littafin da ke rubuta wa ya canza mi da yaushe kuma rajistar bin diddigi na sa masa, in akwai mai ja ya yi magana kafin gobe da la'asar don lokacin zan kai a buga.

Malamin Hausa mai ritaya:
Ƙungiya ta yan achaba ce da yan kasuwa. Amma darasinka ne. Ka dai tambayi yaran bayan sati biyu wacce suka riƙe, ƙungiya ko gandu, ka dawo nan ka faɗa mana tsakaninka da Allah.

Ɗan Ƙofar Marusa:
In sha Allah Baba zan dawo da amsa

Yar Daura:
Rajista ma fa aro ce, kar Baba ya gani