Akwai inda masu neman barin giya ke haɗuwa a Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa. Ni mai walda ne, shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na fara shan giya lokacin da na yi aiki a Fatakwal, na dawo gida da ita, yau shekara tara ke nan. Tun 2000 da aka kafa Shari'a aka hana sayar da ita a fili, amma mai nema ya san hanya, har ɗan kabu-kabun da ke kai ni ba ya tambayata ina za mu. Kowane azumi ina bari, ranar Sallah da yamma in koma. Wannan karon kwana tara ban sha ba. Dalili kuwa, 'yata ta fari ce ta tsinci ledar ogogoro a aljihun rigata wajen wanki, ta ninke ta ta ajiye mini kan tabarma, ba ta ce komai ba. Kwana na biyu hannuna na rawa har na kasa riƙe sandar walda, da dare na riƙa ganin ƙadangaru a bango. Wa'azi na sha shi. Abin da nake nema mutanen da suka taɓa shiga wannan hali suka fita, in zauna da su. Bayan Magariba ne abin ya fi ci mini rai. Akwai irin wannan zama a garin nan?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar zama, ƙadangarun nan da ka gani ba aljanu ba ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke masa lokaci guda, rawar hannu da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wani har farfaɗiya, sannan tsakanin kwana na biyu da na uku ruɗewa mai tsanani na iya zuwa, wadda takan kashe. Allah ya tsallakar da kai. In ƙaddara ta sa ka koma, kada ka sake yankewa kai kaɗai a ɗaki. Ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kan hanyar Illela, ko sashen masu tabin hankali na UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na san abin da za ka ce, za a ce ka haukace. Mutane da yawa da ke zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma aikinsu. Ka nemi a duba hantarka, kuma ka tambaye su kai tsaye ko suna haɗa masu shaye-shaye zaman tattaunawa. NDLEA ma, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba kamu kaɗai suke yi ba, suna da sashen ba da shawara.

Abu Hafsa:
Ɗan'uwa, ka riƙe sallar jam'i da istigfari. Mene ne amfanin zama da mashaya? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Tsohon Direba:
Abu Hafsa, ka yi haƙuri, mutumin ya ce wa'azi ya sha. Ni na yi shekara goma sha huɗu ina sha, ina sahun gaba a masallaci. Kuma ka tuna sahabin da aka yi ta kawowa gaban Annabi (SAW) kan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Ɗan Mabera, wanga abu da kake nema Turawa na da shi, Alcoholics Anonymous. Wasu mashaya biyu suka fara shi a Amurka a 1935, ba likita ke jagoranta ba, ba a biyan kuɗin shiga, sunan farko kawai ake faɗi, kuma abin da aka faɗa a ɗaki nan yake tsayawa. Suna yin zama ta Zoom dare da rana. Na shiga sau da yawa da kyamara a kashe, sai dai da Turanci ne, kuma data na tafiya kamar ruwa a rairayi.

Abin da ya riƙe ni a nan gida shi ne mu uku. A layin ganin likita muka haɗu. Duk Talata da Juma'a bayan Magariba muna zama a shagon ɗayanmu, tela ne, mu sa mai shayi ya kawo, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Dokarmu biyu: ba a yi wa kowa faɗa, ba a fita da magana. Ka san Sakkwato, ka yi atishawa a Gawon Nama a yi maka yarhamukallah a Runjin Sambo. Ɗayanmu ya koma sau biyu, ranar Talata ya zo da jajayen idanu, muka matsa masa wuri kan benci. Ni yanzu shekara uku da wata biyar ban sha ba. Ɗan kabu-kabun nan naka, goge lambarsa yau. In kana so turo mini saƙo ta ɓoye, sai in tambayi sauran biyun tukuna, don ba ni kaɗai ke da shagon ba.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. Hajiya, ban san abin ya kai haka ba, ranar Litinin in sha Allah zan tafi Kware, ƙanena zai raka ni, shi kaɗai na faɗa wa. Baba Direba, na turo saƙon. Lambar kam na goge, sai dai na haddace ta.