Wane suna za mu raɗa wa peat moss da Hausa?

Jama'a, a kawo ɗauki. Ina rubutu kan yadda masu nazarin tsirrai ke kutsawa fadamun Sikotland da Finland su ɗebo Sphagnum, wadda Bature ke kira peat moss, su kai wa jami'a ta adana. Sunanta ya tsaya mini a wuya.

Gansakuka na fara sa wa. To amma da Bahaushe ya ji gansakuka, abin da zai faɗo masa shi ne koren nan mai santsi na bakin rijiya da gindin randa, mai kayar da mutum da damina. Wannan kuwa tsiro ce mai kara da ƙananan ganyaye, tana shimfiɗuwa kamar katifa, ka taka ƙafarka ta nutse. A ganyenta akwai matattun ƙwayoyin halitta da ba komai a cikinsu, su ke sa ta riƙe ruwa kusan ninki 20 na nauyinta in ta bushe. A Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita aka riƙa ɗaure wa sojoji rauni da auduga ta yi ƙaranci.

Wani ya ba ni "gansakukar fadama". Ta yi daɗin faɗa, sai dai fadamarmu wurin rake ce da albasa. Inda wannan ke fitowa ruwan tsami gare shi, kuma ita ce ke tsamama shi. Manomi zai ji sunan ya ɗauka wurin albarka ne.

Ni dai na karkata ga "gansakukar soso". Duk wanda ya taɓa matse soson wanka ya riga ya fahimci rabin bayanin.

Inda gizo ke saƙar shi ne peat ɗin kansa, wato abin da ke taruwa a ƙarƙashin tsiron. Sama na tsiro, ƙasa na mutuwa tana danƙarewa, wajen milimita 1 a shekara. Kada wanda ya ce mini "ruɓaɓɓiyar ciyawa", domin ƙin ruɓewar ce ta haifar da abin. A 1950 an tono gawar wani da ake kira mutumin Tollund daga cikin peat a Denmak, ta haura shekara 2,000 a ciki, har gashin haɓarsa yana nan. Tun da mutanen Ayalan na yanka shi kamar tubali su shanya su hura wuta, na rubuta "gawayin fadama" da fensir, ba da biro ba, don gawayi sai an ƙona.

Herbarium kuwa bai ba ni wahala ba: taskar busassun tsirrai, irin wadda ke ABU Zariya. Ita gansakuka ba a danne ta sosai kamar fure. A matse ruwan a hankali, a bar ta ta sha iska har ta yi fari-fari, a naɗe a ambulan ɗin takarda, a rubuta wuri da rana da sunan wanda ya ɗebo.

Malaman tsirrai da dattawanmu, in akwai tsohuwar kalmar da ta fi soso, ku jefo kafin in miƙa rubutun ranar Litinin.