Jika 600 gare ni, ina ya kamata in fara zuwa yawon buɗe ido?

Mushen Garin Malam:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa fita. Ni mushen lakwal ne a nan Damagaram, shekara tara kenan ina koyarwa, kullum ina zana wa yara taswira a allo ina ce musu ga teku ga hamada ga duwatsun Ayar, amma ni kaina iyakata Maradi da Yamai, Yamai ma sau biyu na je kuma duk takardu ne suka kai ni, daga tasha sai buro sai tasha. Rannan wata yarinya 'yar CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta ɗaga hannu ta ce mushe kai ka taɓa ganin teku? Na ce mata a'a. Wlh tun ranar abin nan yake cina a rai.

To na shiga adashi na ɗauka, na haɗa da ɗan abin da nake ajiyewa, yanzu akwai kamar jika 600, wato sefa dubu 600, a hannuna. A gida kowa cewa yake ɓarnar kuɗi ce, in sayi tumaki in ɗaure kafin layya ko in ƙara in kama fili, na kuma san ba ƙarya suka faɗa ba, amma raina ya riga ya tafi. Zuciyata ta fi karkata ga Maroko saboda tekun da kuma ziyarar Fas, wani abokin aikina kuma ya ce Agadas zan je. Lokacin da nake da shi konjen Disamba ne ko babban hutu. Wanda ya sani ya taimaka min da gaskiyar magana.

Ɗan Zango:

Wa alaikumus salam mushe. Abokin aikinka ya fi ni baki, Agadas ɗin nan dai. Kilomita wajen 450 ne ta Tanut da Adarbisanat, kar ɗaya za ka shiga, babu fasfo babu canjin kuɗi, Hausar da kake yi nan ita za ka yi can a kasuwa. Ka je ka ga hasumiyar babban masallaci da idonka, tsawonta mita 27 kuma duk ƙasa ce da itatuwan da suka fito ta jikinta, tun 1515 aka fara gina ta aka sake gyara ta a 1844, a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. In an bar ka ka hau, matakalar ƙunci gare ta, can sama sai ka sunkuya ka bi da kafaɗa, amma in ka leƙo ka ga garin gaba ɗaya ja wur da duwatsu can nesa za ka manta da wahalar. Akwai fadar Sarkin Ayar nan kusa, akwai maƙeran azurfa masu yin kurus ɗin Agadas, ka zauna ka kalli yadda suke narka ta, ka sayo cuku ka kawo tsaraba.

Kuma Disamba ce lokacinsa, sai dai ka tafi da bargo da rigar sanyi don darin can da dare ba irin namu ba ne. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne hanya da tsaro, kar ka ce za ka ɗauki mota ka nufi Timiya ko Iferwan, garuruwan cikin duwatsun Ayar, kai kaɗai, ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a satin da za ka tafi, su ke da labarin da ya fi na rediyo sabunta. Ka tsaya cikin gari ya ishe ka kwana huɗu.

Baƙon Fas:

Malam mushe ni na je Maroko sau ɗaya, kwana goma sha biyu, to bari in gaya maka abin da na gani ba abin da ake gani a Facebook ba. Farko dai jika 600 ɗin nan kuɗin jirgi kaɗai zai cinye fiye da rabinsu, kuma kafin jirgin sai ka yi kilomita wajen 900 zuwa Yamai ka kwana ka ci, ga kuɗin fasfo in ba ka da shi. Abin da zai rage zai kai ka ya dawo da kai amma a takure, kullum kana lissafi, dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne, kana gani kamar ƙananan kuɗi ne sai ka duba aljihu ka ga wayam. Shawarata ka ƙara ɗauka ɗaya ta adashi tukuna.

Amma in ka tambaye ni ko ya cancanta, wallahi ya cancanta. A Kasabalanka jirgi yake sauka, akwai jirgin ƙasa tun daga filin jirgin zuwa cikin gari, ka je masallacin Hasan na biyu wanda aka buɗe a 1993, a bakin teku aka gina shi har wani sashensa kan ruwan yake. Nan na fara ganin teku a rayuwata. Abin da hoto ba ya nuna maka shi ne ƙara, ruwan nan ba ya shiru ko na minti ɗaya, yana zuwa yana dukan dutse yana komawa, ga iska mai gishiri tana manne maka a leɓe, na fi awa biyu a zaune ban ce wa kowa komai ba, ina ta tuna mu da muke tashi da asuba neman ruwa a famfo lokacin bazara. Subhanallah.

Daga nan awa huɗu ne ko kusa da haka a jirgin ƙasa zuwa Fas. Tsohon garin mota ba ta shiga, lunguna ne kamar na Birni, tsohuwar unguwarmu ta Damagaram, amma sun fi matsewa sun fi yawa, alfadarai da jakuna ke ɗaukar kaya, in ka ji ana ihu bayanka to matsa gefe. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana ciki, can ya rasu a 1815, kuma a ƙofarta za ka ji Hausa ta ko'ina, mutanen Kano da na Maradi da 'yan Senegal, ba za ka ji baƙunta ba. Ba nisa akwai masallacin Ƙarawiyyin da wata mata Fatima al-Fihri ta kafa tun shekarar 859, wannan ka riƙe shi ka gaya wa 'yar ajin naka.

Abin da ya fi taɓa ni kuma majema ce. Ana hawa saman shaguna a leƙa ramukan rini, suna ba ka ganyen na'ana'a ka toshe hanci saboda wari, turawa na ta ɗaukar hoto, ni kuwa warin nan na san shi tun ina yaro don kakana badukku ne. Fatar da turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta fatar jan akuyar ƙasar Hausa ce da ayari ke haurawa da ita arewa ta hamada, sunan ya tafi ga mai sayarwa ba ga mai jima ba. Na tsaya can ina jin daɗi ina jin haushi lokaci guda, namu dukawan suna nan suna aiki mai kyau babu mai hawa bene ya kalle su.

Kashedi ɗaya, samari masu cewa zo in nuna maka hanya, kar ka bi kowa sai kun yi ciniki tukuna, ni wani ya zagaya da ni ya ajiye ni shagon darduma ya tsare ni da sai na biya shi. Kuma Disamba can sanyi ne da ruwan sama, gidajen tsohon gari kamar randa suke.

Dattijon Birni:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da tambayar yarinya. Ban hana ka Fas ba, ban hana ka Agadas ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Tambaya ɗaya gare ni, ka taɓa shiga fadar Sarkin Damagaram ka ce a zagaya da kai? Ba tsayuwa ƙofar fada ranar hawan salla nake nufi ba. Na ga baƙi sun zo daga Faransa da Jamus suna shafa zanen bangon gidajen Birni da hannu, ɗan gari kuwa ya wuce kan kabu-kabu ko waiwaye babu.

Garin nan shi ne babban birnin ƙasar Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. Sarki Tanimu shi ya ja ganuwa, a zamaninsa har igwa ake ƙerawa a nan. Baturen nan Barth ya sauka garin nan a ƙarshen 1852. A 1898 aka kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a garin nan, shekara ta zagayo Faransawa suka dawo aka gwabza a Tirmini a 1899, nan Sarki Amadu Kuren Daga ya tare su. Tirmini ɗin nan da kuke wucewa in za ku Maradi, yara nawa ne a ajinka suka san abin da ya faru can? Unguwar Zango kuma sunanta ya faɗi aikinta, nan ayarin raƙuma ke sauke gishirin Bilma da dabino, hanyar da Ɗan Zango yake tura ka ita ce dai hanyarsu. Ka ɗauki Lahadi ɗaya ka je kasuwar Mirya, kilomita 18 ce kacal, ka ga kukoki da garake, wata ranar ka wuce tafkin Gidimuni da sassafe lokacin sanyi ka ga tsuntsaye. In ka san naka sannan ka je na wasu, idonka zai fi gani.

Hajiyar Sabon Gari:

Baba ku yi haƙuri in ɗan sa baki, maganarku gaskiya ce amma yaron nan fita yake so, wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru ba Mirya ce za ta kashe masa ƙishi ba. Ƙanena ni hanyar Kano nake bi sarin kaya, kilomita 240 ne ko kusa, in ka bi ta Matamaye ka tsaya Daura ka ga rijiyar Kusugu ta labarin Bayajidda da kuke karantar da yara, har ruwanta ana ɗebo maka. A Kano ka hau dutsen Dala da yamma, ka shiga Gidan Makama, ka ga marinar Ƙofar Mata, ka ɓata cikin kasuwar Kurmi, duk wannan jika 100 ta yi maka har da tsaraba in ba otel mai tsada ka kama ba. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara a aljihun gaba don shingaye suna da yawa, kar ka canja kuɗinka duka a bakin iyaka, canja kaɗan na mota sauran ka bari sai Wapa, wajen 'yan canji a Kano, kuma ka yi sammako kar dare ya same ka a hanya. Teku dai babu a Kano, wannan sai ka yi haƙuri. Da can Kwatano ta ƙasar Benin mutane ke shiga kar su je su gani da araha, tun rikicin iyaka na 2023 hanyar ta dagule.

Mushen Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba kun kama ni, fadar nan ban taɓa wuce ƙofarta ba, Tirmini kuma a littafi kawai nake karanta ta alhali na ratsa ta ya fi a ƙirga. Jiya na yi magana da diraktanmu kan ko za a bar ni in kai 'yan ajina Birni wata Asabar, ya ce in rubuto takarda.

Ga yadda na tsara in Allah ya yarda, konjen Disamba in hanya lafiya zan yi Agadas kwana huɗu ko biyar, ba zan taɓa fiye da jika 150 ba, sauran in bar su in ci gaba da zubi har babban hutu na gaba in nemi fasfo a tsanake. Yaya Baƙon Fas, tekun nan da ka kwatanta ya ƙara min ƙishirwa, zan neme ka ka gaya min unguwar da ka sauka. Hajiya, Kano kuma sai hawan Daushe in kin yarda in bi motar da kike bi.

Ɗan Zango, kar ɗin Agadas ƙarfe nawa yake tashi, kuma ana sayen biye tun jajibiri ne ko a ranar?

Ɗan Zango:

Tun jajibiri za ka saya mushe, da asuba suke tashi, ka yi sallarka a tasha. Ka tafi da gorar ruwa babba da rawani saboda ƙura, kuma ka nemi kujerar gaba, bayan Tanut za ka gane dalili.