Kumburin hanyar abinci: me ya sa wani lokaci magani yake ƙin ci?

Dakta Aminu: Assalamu alaikum. Mu tattaro abin da muke gani a wurin aiki game da masu ƙwannafi da jin zafi in suna haɗiya. Mafi yawansu ruwan tsamin ciki ne ke tasowa, saboda ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi ta saki, sai ya riƙa ƙona fatar cikin hanyar abincin. Ana ba da omeprazole, maganin rage tsamin ciki, miligiram 20 sau ɗaya a rana har mako 8. Amma da yawa suna dawowa su ce bai yi musu aiki ba.

Malam Sani (mai harhaɗa magunguna): Wa alaikumus salam, Dakta. Sau da yawa lokacin shan ne ke ɓata lamarin. Ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, don abincin ne ke tayar da ƙwayoyin halittar tumbi da ke fitar da tsamin, maganin kuma sai sun tashi yake kama su. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi ya rage masa ƙarfi. Kada a tauna kafson. Kuma in an daɗe ana sha, kada a yanke lokaci ɗaya, tsamin yakan dawo da ƙarfi. A rage a hankali.

Akwai kuma ƙwayar da ita kanta ke jawo ciwon: doxycycline (maganin kashe ƙwayoyin cuta), alendronate (maganin ƙarfafa ƙashi), ƙwayar ƙarin jini, ibuprofen. Mutum ya haɗiye da yawu ko kurɓi ɗaya, ya kwanta, ƙwayar ta maƙale ta narke a wurin. Da safe sai zafi a tsakiyar ƙirji, ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. A sha da kofi cike da ruwa, a zauna ko a tsaya minti 30.

Hajiya Binta (nas): Gaskiya ne, Malam. Ni abin da nake jaddadawa kwanciya ce. Tara matashi ba ya amfani, wuya kawai yake lanƙwasawa ya matse ciki. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da santimita 15 zuwa 20, a kwanta ta gefen hagu, a bar awa 3 tsakanin abincin dare da barci. Sigari da ƙiba suna ƙara sakin ƙofar nan.

Dakta Aminu: Na gode, Hajiya. A riƙa leƙa baki kuma. In aka ga farin abu kamar madarar da ta gudaje a harshe, ga zafin haɗiya, musamman ga mai cuta mai karya garkuwar jiki ko ciwon suga, to ƙwayar cutar da ake kira fangas ce, omeprazole ba zai taɓa shi ba. Fluconazole ake bayarwa kwana 14 zuwa 21, a fara tambaya ko akwai juna biyu ko ana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa.

Wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa, ko yana aman jini ko baƙin bahaya, kada a ƙara masa ƙwaya, a tura shi a leƙa da na'urar kyamara. Ciwon ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi kuwa, a fara duba zuciya.