Neman kalmar Hausa: me za mu kira silsilatul uhda a allon gidan tarihin laifuka?

Mai Fassara, Jidda

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina neman agaji kafin ranar Alhamis. Allunan bayani ne na wani sashe a gidan tarihi da ya shafi laifuka da binciken 'yan sanda, ana juya su daga Larabci zuwa Hausa saboda maziyarta. Kwamitin da ke ba gidan shawara, tsofaffin jami'an bincike ne da likitan binciken gawa da tsohon alƙali, su suka rubuta matanin, don haka ba a yarda ma'ana ta goce ko kaɗan ba. Allo na bakwai ne ya tsaya mini. Kansa da Larabci silsilatul uhda, wasu na cewa silsilatul hiyaza, Bature kuma ya ce chain of custody. Sharaɗi biyu: kan allon kada ya wuce kalma huɗu, kuma za a karanta shi da murya a na'urar da maziyarci ke sa wa a kunne. Na ɗan sa "sarƙar tsarewa", amma kunnena bai karɓa ba.

Tsohon Sufeto, Gadarif

Wa alaikumus salam. Cire tsarewa, ɗana. Mutum ake tsarewa, a ofishin 'yan sanda ko kurkuku. Nan maganar kaya ake yi, abin da kotunan Sudan ke kira ma'arudat, ku kuma can Saudiyya kuna jin ahraz ko madbuɗat. Da Hausa kayan shaida.

Ga abin da kalmar ta ƙunsa. An tsinci wuƙa a inda aka yi laifi. Kafin a taɓa ta a ɗauki hotonta a inda take, da ma'auni a gefenta. Mai ɗauka ya sa safar hannu, ya sa ta a kwali, ya liƙe da tef ɗin da ba ya ɓaruwa sai ya bar alama, ya sa hannu a kan gaɓar tef ɗin yadda rabin sa hannun na kan tef, rabi na kan kwali. A jiki a rubuta lambar ƙara, lambar kayan, wuri, rana, sa'a, da sunan mai ɗauka. Daga nan duk lokacin da kwalin ya sauya hannu, mai bayarwa da mai karɓa su biyun su sa hannu, da rana da sa'a da dalili. Layi ɗaya ya ɓace, lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya ina wuƙar ta kwana a wannan tsakanin, kuma wa ya tabbatar ita ce dai. Ina ba da shawarar "sarƙar ajiyar kayan shaida".

Malamar Ɗakin Gwaji, Riyad

Baba Sufeto, a gafarce ni, ajiya ta yi kaɗan. Ajiya zama ce wuri ɗaya, kayan nan kuwa yawo suke yi: daga wurin laifi zuwa ma'ajiya, zuwa ɗakin gwaji, su koma, su je kotu. A ɗakin gwaji ma ba a yage hatimin farko. Ana yanka jakar ta wani gefe daban, in an gama a liƙe wannan gefen da sabon tef da sabon sa hannu, don alƙali ya ƙirga sau nawa aka buɗe. Kuma mai riƙe da kayan shi ke da alhakin lafiyarsu. Riga mai ɗanyen jini a shanya ta a inuwa ta bushe, a sa ta a jakar takarda, domin a leda gumi zai taru, ta yi funfuna, DNA ya lalace. Tarkacen gobara akasin haka, gwangwani mai rufi gam ake sa shi don kada ƙamshin fetur ya tsere. Waya a jakar da ke toshe sabis, kada wani ya goge ta daga nesa. Duk wannan riƙo ne, kamar riƙon amana ko riƙon yaro, akwai ɗaukar nauyi a ciki. Uhda ma ai nauyin da aka ɗora wa mutum ce. A sa riƙo.

Sarƙa kuma ina tsoronta a wannan gidan musamman. Allon zai tsaya kusa da ankwa da mari. Wanda ya karanta sarƙa a nan, ƙarfen ɗaure fursuna zai gani.

Almajirin Hadisi, Madina

Jama'a, muna da kalmar tun fiye da shekara dubu: isnadi. Wane daga wane daga wane, har a kai tushe. In babu giɓi a ce muttasili, in mutum ɗaya ya faɗi a tsakani a ce munƙaɗi'i, hujja ta yi rauni. Daidai da abin da Baba Sufeto ya zana. "Isnadin kayan shaida", kalma uku, har da ragowar wuri. Duk Bahaushen da ya zauna gaban malami zai gane nan take.

Basakkwace, Makka

To ga shi nan. Duk lokacin da aka nemi kalmar Hausa, sai a ɗauko ta Larabci a ɗaura mata rawani a ce an fassara. Mai jin isnadi ai yana jin allon Larabcin, ba ya buƙatar namu. Allon nan don tsohuwar da ta zo Umra daga ƙauye ne. Muna da jeri, muna da hannu. "Jerin hannayen riƙon shaida". Matsalar ita ce waɗanda suka girma a nan da Sudan Hausarsu ta jiƙe da Larabci, har ba sa jin inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

Tsohon Sufeto, Gadarif

Malam, a yi hattara da wannan magana. Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, mutanen Sakkwato ne suka kafa ta bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har gobe ana Hausa a can, da Gadarif, da Kasala. Ba aro muka yi ba. Sannan shaida da ka sa a taka fassarar daga ina ta zo? Alƙali, shari'a, hukunci, hujja, duk Larabci ne. In za a tsince su, ɗakin shari'a zai zama babu kowa.

Basakkwace, Makka

Waɗannan sun daɗe sun zama 'yan gida, Baba. Ban ce a kore su ba. Ƙarin baƙi nake ƙi alhali muna da namu.

Almajirin Hadisi, Madina

Isnadi ba baƙo ba ne, a zaurukan Kano da Sakkwato ake faɗinsa kullum. Kuma zai nuna wa maziyarci cewa wannan tsantseni ba daga Turai ya fara ba. Ɗakin gwajin 'yan sanda na farko Edmond Locard ya buɗe shi a Liyon ta Faransa a 1910. Malaman hadisi sun riga shi tantance wa ya karɓa daga wa da ƙarnoni masu yawa. Me zai sa mu ɓoye abin alfaharinmu? In an karɓi isnadi, sauran ma sun samu: giɓi a rajista shi ne inƙiɗa'i, jami'in da ya riƙe kayan shi ne rawi.

Lauya, Fot Sudan

Akaramakallahu, kwatancen yana da kyau a darasi, amma ba zai hau kan allo ba, saboda dalili biyu. Na farko, a Larabcin shari'ar laifuka isnad na da nasa aiki: isnadut tuhma, wato jingina laifi ga wanda ake tuhuma. Allon Larabci na nan gefe da gefe da na Hausa, kuma tsohon alƙalin da ke kwamitin zai karanta isnadi da wannan ma'anar. Na biyu, a hadisi magana ake miƙawa, abin dubawa shi ne adalcin rawi da haddarsa. A nan jiki ne ake miƙawa, kuma an tsara abin ne yadda ba sai an dogara da nagartar kowa ba. Jami'i ko waliyyi ne, in bai sa hannu ba akwai giɓi. Hatimi da takarda ke magana.

Misalin da gidajen tarihin laifuka ke yawan kawowa shi ne shari'ar O.J. Simpson a Amurka a 1995. Ɗan sanda ya yi yawo da kwalbar jinin da aka ɗiba daga jikin wanda ake tuhuma kafin ya miƙa ta, lauyoyi suka ce kimanin mililita ɗaya da rabi ya ɓace, suka gina zargin an shuka jini a kai. An wanke Simpson daga tuhumar a watan Oktoba na shekarar. Babu wanda ya ce jinin ba jini ba ne. Inda kwalbar ta bi aka yi wa tambaya. Ko kayan kwamfuta haka ne: ana ciro lambar tantancewa ta faifan tun a farko, a yi aiki a kan kwafi, in lambar ta sauya ko da harafi ɗaya an san an taɓa.

Ni silsila zan bari yadda take. Bahaushe ya san silsilar shehunan ɗariƙa, hannu da hannu ba yankewa, kuma ba ta kawo hoton ankwa. "Silsilar riƙon kayan shaida", kalma huɗu cif. Kada a yar da "kayan", domin shaida ita kaɗai na nufin mutumin da ya gani, da maganarsa, da alama.

Basakkwace, Makka

In silsila ce, ai mun riga mun hausantar da ita: salsala. A sa salsala mana, a huta.

Malamar Ɗakin Gwaji, Riyad

Salsala ta tafi wajen asali, Malam, kamar a ce mutum mai asali da salsala. Amma kada a jefar da ita. Mai Fassara, duba ko akwai allon da ke bayanin yadda kayan suka iso gidan tarihin. Masu ba irin waɗannan gidaje shawara ba sa yarda a baje abu sai an san daga wace ƙara ya fito, an rufe ƙarar har da ɗaukaka ta, kotu ta sake shi, bindiga an kashe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba, kuma an bambanta na ainihi da kwaikwayo a rubuce. Wannan tarihin mallaka shi ne salsalar kaya. Silsila ta kotu, salsala ta gidan tarihi.

Mai Fassara, Jidda

Akwai, allo na biyu ne, kuma salsala ta zauna masa daram. Amma silsila da salsala a kunne, ta na'ura, ba za su rikice ba?

Lauya, Fot Sudan

Allo huɗu ne tsakaninsu, kuma ɗaya na tafe da riƙo. Mai karatu ya ja wasalin da kyau.

Mai Fassara, Jidda

To ga abin da zan miƙa. Kai: "Silsilar riƙon kayan shaida". Layin farko a ƙasa: "Rubutaccen jerin duk hannun da kayan shaida suka bi, daga inda aka tsince su har gaban alƙali." Malam na Makka, jeri da hannu sun shiga. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Basakkwace, Makka

Sun shiga ta ƙofar baya. Layin ƙasan shi ne fassarar, kan kuwa Larabci ne da wasalin Hausa. Tunda Alhamis ta matso, a tafi da shi, amma ban sa hannu ba.

Almajirin Hadisi, Madina

Na karɓi dalilin Lauya na farko, na biyun akwai magana. Ko a muryar da ake saurare a ƙara jimla ɗaya: "kamar isnadi a wajen malaman hadisi".

Mai Fassara, Jidda

Ƙarin jimla sai kwamiti ya yarda, zan kai musu gobe in sha Allahu. Allo na tara kuma kansa da Larabci ƙarina ne, wato hujjar da ake ganowa daga yanayin abu, an kawo misalin rigar Annabi Yusuf da aka yage ta baya. Na rubuta "alama mai nuni", ban tabbata ta isa ba.