Wai lambar girma ta ƙasa sai manya ne kawai ke samu?

Uwar_Biyu: Salam 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya. Akwai wata tsohuwa da na sani, ta fi shekara talatin tana karɓar haihuwa kuma tana kula da marayu kyauta ba ta taɓa neman ko sisi ba, shine nake tunanin ko irinta za ta iya samun lambar girma ta ƙasa, irin su MON ɗin nan? Don ni duk sanda aka fitar da sunaye ministoci da 'yan majalisa da attajirai nake gani. Ta ina ake bi ma?

Malam_Tanko: Wa'alaikissalam 'yar uwa. A ƙa'ida za ta iya. Dokar tun 1964 take, kuma lambobin hawa-hawa ne, GCFR a sama ta shugabannin ƙasa, sai GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR har zuwa MON. Akwai kwamiti da ke tantance sunayen da jihohi da ma'aikatu da ƙungiyoyi suka tura, shugaban ƙasa ya sa hannu. To matsalar dai waye zai kai sunanta gaban gwamnatin jiha, nan ne ake yin ta.

Ɗan_Baiwa: Hmm malam ai ka faɗi zancen da kanka. Wanda ya zana tutar Najeriya, Taiwo Akinkunmi, tun 1959 ya yi aikin amma sai 2014 Jonathan ya ba shi OFR, mutum ya tsufa tukuf. Wannan fa tuta ce da kowa ke gani kullum, ina ga baiwar Allah da ba ta da kowa a sama? Shi ya sa ban ga laifin marubucin nan Chinua Achebe ba da ya ƙi karɓar CFR har sau biyu, 2004 da 2011.

Malam_Tanko: Gaskiya ne amma kar mu yi kuɗin goro. A 2022 Buhari ya karrama Imam Abdullahi Abubakar na jihar Filato, limamin nan da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a gidansa da masallacinsa lokacin wani hari da aka kai yankinsu a 2018. Ba minista ba ne ba attajiri ba.

Ɗan_Baiwa: Eh, bayan Amurka ta riga ta karrama shi a 2019 duniya ta ji labari, sannan aka tuna da shi a gida.

Hajiya_Mai_Haƙuri: Ƙanwata ki bar su da gardamarsu, ki fara da abin da ke hannunki. Ki tattara shaidu a rubuce, sunayen yaran da ta raina, hotuna, takarda daga mai unguwa da asibitin da ke kusa, ki nemi wata ƙungiyar mata ta rubuta wa gwamnatin jiha, ki kuma samu ɗan jarida ya yi hira da ita a rediyo don wallahi sai an ji mutum ake tuna shi.

Uwar_Biyu: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Sai dai fa anya za ta yarda da hirar nan? Ita ko hoto ba ta son a ɗauke ta. Bari in tura babbar 'yarta ta lallaɓa ta.